TAKARDAR NEMAN AIKI: A RUBUTA GASKIYA



Kowace shekara tsofaffin ɗalibanmu sukan dawo da digiri daga Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse wadda aka kafa a 2011, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa. Waɗansu kuma daga Kwalejin Ilimi ta nan Gumel suke fitowa. Da sun gama hidimar ƙasa sai su kawo mana takardar nan da ake kira Si-Bi, wato taƙaitaccen tarihin karatun mutum da ayyukan da ya yi, su ce mu duba musu. Abin da muke gani a cikinta shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Wani yaronmu daga ƙasar Sule Tankarkar ya kawo tasa, shafi huɗu. A shagon kwamfuta aka buga masa. A ciki an ce ya ƙware a iyo, alhali ko kududdufi bai taɓa shiga ba. A shafi na uku kuwa sunan wani ne dabam, domin mai shagon ya manta bai goge ba. Da muka zauna da shi sai muka gane ashe shekara biyar yana riƙe wa kawunsa littafin cinikin riɗi da zoɓo a kasuwar Maigatari, kowace Alhamis, yana lissafi da Naira da kuma Sefa saboda baƙin da ke ƙetarowa daga Nijar. Ko layi ɗaya bai rubuta a kan wannan ba. Ya ce kunya yake ji.

A ganinmu kuskuren ke nan. Mai ɗaukar aiki yana neman wanda zai iya ba amanar kuɗi da kaya, ga shi yaron ya ɓoye shaidar da ta fi kowace ƙarfi, ya yafa rigar wani. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Mu tuna da Dawuda a gaban Sarki Saul. Bai ce shi tsohon soja ba ne. Kiwon tumakin mahaifinsa ya ambata, da yadda ya kashe zaki da beyar. Da aka sa masa sulken Saul ya ga bai saba da shi ba, sai ya tuɓe, ya fita da majajjawarsa.

Saboda haka shawararmu ita ce kowa ya rubuta tasa da hannunsa kafin ya kai a buga. Shafi ɗaya ya isa ga wanda ya fito jami'a yanzu, in ya yi yawa biyu. A fara da cikakken suna kamar yadda yake a takardun shaida, da lambar waya mai aiki, da adireshin imel mai mutunci. Sai makarantu, daga ta ƙarshe zuwa ta farko, da shekarunsu. Sai inda aka yi hidimar ƙasa da abin da aka yi can. Wanda ya koyar da lissafi ya faɗi aji nawa ya riƙe. Wanda ya yi ma'ajin zumuntar matasa, ko malamin makarantar Lahadi, ko ya kula da 'yan ƙodago a gonar gero a Gagarawa, ya rubuta. Masu shaida kuma, ko Fasto ne ko tsohon malami, a nemi izininsu tukuna. Daga ƙarshe a ba wani ya duba kurakuran rubutu.

Akwai jarabar da ta fi wannan muni, wato rage shekaru da ƙara takardar da ba a samu ba. Mun san dalili. Yaranmu da yawa ba su shiga makaranta da wuri ba, yajin aikin malaman jami'a ya ƙara cinye musu lokaci, ga ma'aikatu suna sa iyakar shekaru. Amma a tuna da Alhaji Salisu Buhari. A 1999 ya zama Kakakin Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ba a yi wata biyu ba aka gano digirin da ya ce ya samu a Jami'ar Toronto ta Kanada ba gaskiya ba ne, shekarunsa ma ƙari ya yi domin ya cancanci takara. Dole ya sauka. In ƙarya ba ta riƙe mai irin wannan kujera ba, ina za ta riƙe ɗan talaka? Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Waɗansu za su ce duk wannan ɓata lokaci ne, domin a ƙasar nan sai mai uwa a gindin murhu ke samun aiki. Ba mu musa cewa ana yin haka ba, mu ma mun ga an yi wa namu. Amma ko wanda aka yi wa hanya, wata rana za a zaunar da shi a tambaye shi abin da ya rubuta. Kuma akwai makarantu masu zaman kansu, da asibitoci, da 'yan kasuwa, waɗanda asara za su yi in sun ɗauki wanda bai iya ba, don haka sukan karanta takarda da kyau.

Ku 'yan aji shida, kada ku ce wannan magana ta yayyenku ce. Wanda aka ba shugabancin ɗakin kwana ko makullin ɗakin karatu ya riga ya fara tara abin da zai rubuta. Ku adana takardunku na jarrabawa, ku tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a dukansu. Iyaye kuma kada ku zama masu kai yara a sake musu shekaru.

Yaron nan namu ya koma ya sake tasa, shafi ɗaya, da kasuwar Maigatari a ciki. Muna yi masa addu'a, tare da sauran da ke jira. Ubangiji ya buɗe musu ƙofa, amin.