Ya duba littafi, amma kada a ba shi makulli

Daga Briqueterie a Yawunde har Kye-Ossi, cinikinmu ya koma waya, ta MoMo da Orange Money. Yanzu kuma ga 'yan aiken kwamfuta masu basira, wai za su riƙe mana lissafi. To, mu dai a ba su izinin dubawa kawai: kada su iya tura ko dala, kada su iya goge komai. A Yulin 2025 ɗan aiken Replit ya share bayanan wani kamfani a Amurka, alhali an hana shi. Hani ne na baki, ƙofa kuwa a buɗe.

Ko dubawar ma a taƙaita ta. Sunayen waɗanda muke bi bashi amana ne, kuma dokar Kamaru ta kare bayanan mutane, ta Disamba 2024, ta hau kanmu mu ma.