Idan Motsin Ciki Ya Ragu, Kada a Jira Gari Ya Waye

Sharhinmu na yau a kan motsin ɗan da ke ciki ne, da abin da ya wajaba a yi idan mai juna biyu ta ji ya ragu.

Mai cikin fari kan fara jin motsi wajen mako na 18 zuwa na 20, wadda ta saba haihuwa kuwa tun mako na 16. Daga mako na 28, wato wata na bakwai, daidai lokacin da ake kai mai cikin fari goyon ciki gidan iyayenta, ɗa yana da lokutan motsinsa da uwa za ta iya ganewa. Wani sai ta ci abinci, wani kuma sai dare ya yi ta kwanta. Barcinsa minti 20 ne zuwa 40, da wuya ya wuce minti 90.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a Ɗankaza da sauran ƙauyukan Wudil, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, mace kan ce ba ta ji motsi ba tun safe, sai a ce mata, "Hutawa yake yi, haihuwa ce ta matso," ko kuma, "Cikin ne ya kwanta." Mai cikin fari ma kunya ba ta barin ta ta faɗa. Alhali lafiyayyen ɗa ba ya daina motsi har a lokacin naƙuda. Wani lokaci raguwar motsi alama ce cewa mabiyiya ta gaza kai masa abinci da iska yadda ya kamata, saboda hawan jini, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ƙarancin jini. In ba a kula ba, ɗan na iya mutuwa a ciki. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa a 2019 jarirai sama da dubu 170 aka haifa babu rai a Najeriya. A waccan shekarar, Indiya da Pakistan ne kawai suka fi mu.

Ƙidayar motsi ba ta buƙatar ko kwabo. Baiwar Allah, idan kin ji shiru, ki ajiye aiki, ki kwanta ta gefen hagu, ki ɗebi ƙwayar wake goma. Duk sanda ya yi shuri ko ya juya, ki jefa ɗaya a kwano. Shaƙuwa ba ta cikin lissafi. Idan awa biyu ta cika waken bai ƙare ba, ko kin ji motsin ya saɓa da yadda kika saba, ki nufi asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Wudil a ranar, ko da tsakar dare ne. Can za a saurari bugun zuciyarsa, a auna jininki, in ta kama a yi hoton ciki. Kada ki jira ranar awo, kada kuma ki tsaya jiƙe-jiƙe.

Magidanta, sauran aikin naku ne. Kafin ka tafi gona ko kasuwar Juma'a ta Wudil, ka ba iyalinka izinin fita asibiti tun daga yanzu, ka bar kuɗin mota, ka kuma tanadi wanda zai raka ta. Iyaye mata da surukai, ku riƙa tambayar 'ya'yanku kowace rana, "Ya motsa yau?" Gara a je a ce lafiya lau, da a zauna a yi da-na-sani.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya. Ƙarshen sharhin ke nan.