Wane Ne Ɗan Gida?

Hausawa kan ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan magana gargaɗi ce ga mai yawon duniya, ba wanda ya taɓa nufin ta zama doka wadda alƙali zai buɗe littafi ya hukunta mutum da ita. Amma a Ingila, da ƙasashen da mutanenta suka yi ƙaura zuwa cikinsu, an mai da ita doka, har an yi mata ƙari. Akwai mutane yau waɗanda ƙasar da suka girma a cikinta ta kore su, ƙasar da aka haife su kuma ta karɓe su da hannun hagu. Dokokin da suka jawo haka ba su da adalci, dalilin kuwa ɗaya ne: sun dubi takarda da aljihu da kabarin kaka, sun ƙi duban inda mutum ya yi zamansa na duniya.

Da aka gama yaƙin duniya na biyu, Gwamnatin Ostareliya ta ga ƙasarta ga faɗi, ga ƙarancin mutane. Ita Ostareliya wata babbar ƙasa ce can kudu maso gabas da Indiya, tafiyar wata guda ko fi a jirgin ruwa daga Ingila. Sai ta shirya da Gwamnatin Ingila, daga shekarar 1947 aka fara ɗiban jama'a. Babban mutum ya biya fam 10 kaɗai, yara kyauta, sauran kuɗin jirgi gwamnati ta cika. Sharaɗin shi ne mutum ya zauna shekara biyu, in ya komo kafin nan ya biya abin da aka kashe a kansa. Kafin 1972 waɗanda suka tafi ta wannan hanya sun wuce miliyan ɗaya. Ba roƙo suka yi aka bar su suka shiga ba, kiran su aka yi, don ana bukatar magina da maƙera da masu aikin masana'anta.

A zamanin nan ba wanda ya ce da su baƙi. Sarauta ɗaya ke bisa ƙasashen biyu, Baturen Ingila kuwa da ya sauka sai ya shiga cikin 'yan ƙasa, ya jefa ƙuri'a ran zaɓe, ya kama aikin gwamnati. Lokacin yaƙin Biyetnam ma, da aka sa samari 'yan shekara 20 su rubuta sunansu don aikin soja na tilas, ba a tsame 'ya'yansu ba. Saboda haka da yawa daga cikinsu ba su damu da neman takardar zama ɗan ƙasa ba. Wa zai tafi ofis ya nemi shaidar cewa shi ɗan gidan ubansa ne? Balle yaron da aka sauko da shi daga jirgi a goye, wanda bai san ma akwai wata takarda da ta rage ba.

Sannu a hankali ƙasa ta juya a ƙarƙashin ƙafafunsu. Daga 1984 aka hana sabon mai zuwa daga Ingila shiga littafin masu ƙuri'a sai ya zama ɗan ƙasa. A 2001 Babban Kotun Ostareliya ya yanke cewa irin waɗannan tsofaffin mazauna ba baƙi ba ne. Shekara biyu tak bayan haka, a 2003, kotun nan dai ya warware maganarsa cikin shari'ar wani mutum mai suna Shaw, wanda aka haifa a Ingila a 1972, iyayensa suka kai shi Ostareliya a 1974 bai cika shekara biyu ba. Alƙalai huɗu suka ce baƙo ne, uku suka ce a'a. Watau da alƙali ɗaya ya kwana da wani ra'ayi dabam, da dubban mutane sun tashi 'yan gida. Sa'an nan a watan Disamba na 2014 Majalisa ta gyara sashe na 501 na dokar shige da fice, ta ce duk wanda ba ɗan ƙasa ba, in yana kurkuku, an kuwa yanke masa ɗaurin wata 12 ko fi, tilas a soke izinin zamansa. Ba a tambayar shekararsa nawa a ƙasar kafin a soke. Sai bayan an soke a ba shi kwana 28 ya rubuta roƙo a mayar masa. In ya gama ɗaurinsa ba a sake shi, a kan wuce da shi gidan tsare baƙi, a shekarun baya ma an kai waɗansu har can Tsibirin Kirsimeti a tsakiyar teku, ya jira. In roƙo bai karɓu ba a sa shi a jirgin sama, kuma ba shi ba komowa har ya mutu. Mutanen Niyu Zilan suka fi yawa cikin waɗanda aka kora ta wannan sashe, na Ingila na cikin masu bi musu.

Masu goyon bayan dokar suna da magana, ba kuwa ta banza ba ce. Sun ce kowace ƙasa tana da ikon tsare ƙofarta, mai laifi ba abin tausayi ba ne, wanda aka cuta shi ya fi cancanta a tuna da shi, kuma ga ofis a buɗe shekara da shekaru, me ya hana mutumin ya nemi takarda? Gaskiya ne ba wanda zai wanke ɓarawo ko mai duka. Amma ai an hukunta shi. Alƙali ya auna laifinsa ya ce shekara kaza, ya kuwa yi ta. Abokinsa da suka yi laifin tare, suka taso unguwa ɗaya, suka yi makaranta ɗaya, in ya gama nasa ɗaurin sai ya koma wurin matarsa da 'ya'yansa. Shi kuwa a ɗora masa horo na biyu wanda ya fi na fari tsanani, horon da ba alƙali ya yanke ba, ma'aikacin ofis ne. Bambancinsu duka takarda ce guda wadda uban ɗayan ya cika, uban ɗayan ya manta. Ina adalci a kama ɗa da mantuwar ubansa ta shekara 50?

Sa'an nan kuma, ina mutumin ya koyi mugun halin? Yaron da ya bar Ingila yana shan nono bai ɗauko sata cikin zanen goyo ba. Makarantun Ostareliya suka karantar da shi, titunanta suka rene shi, mashayanta suka lalata shi. Ƙasar ta ci amfanin ƙarfin ubansa, ta karɓi harajin gidansu shekara da shekaru, cikin 'ya'yan 'yan ƙauran nan har an sami wadda ta zama Firayim Minista, watau Julia Gillard, wadda aka haifa a Wales aka kai ta can tana yarinya. Ba a ji an ce a mayar wa Ingila da ita ba. Wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai duba haƙƙin ɗan Adam ya faɗi kusan haka a 2011, cikin ƙarar wani Nystrom, wanda aka haifa a Suwidin aka kai shi Ostareliya bai cika wata ɗaya ba, aka kore shi a 2006 zuwa ƙasar da ko harshenta ba ya ji. Kwamitin ya ce Ostareliya ita ce ƙasarsa, ko da takarda ko babu. Gwamnati ta ji, ta ƙi.

Shi wanda aka kora, in ya sauka London, ba a hana shi shiga, tun da ya ke fasfo ɗinsa na Ingila ne. Iyakar abin ke nan. Ba shi da gida, ba shi da dangin da ya sani, ba mai ba shi aiki da tarihin kurkuku a bayansa, sau da yawa kuma ya riga ya manyanta. Wata ƙungiyar agaji mai suna Prisoners Abroad ita ke tarbar irinsu tana nema musu wurin kwana. Gwamnatin Ingila kuwa ba ta da bakin yin ƙorafi, don ita ma tun 2007 ta kafa dokarta mai cewa baƙon da aka ɗaure wata 12 a kore shi, ta kuwa sha sa waɗanda suka girma a Birmingham da London a jirage ta kai su Jamaika.

Kada mai karatu ya zaci wahalar ta masu laifi ce kaɗai. Ga wani Bature, bai taɓa ko zagin ɗan sanda ba. Ya tafi aikin koyarwa wata ƙasa, ya yi aure can, Allah ya ba su 'ya'ya. Uwarsa ta tsufa a Ingila, ya yi niyyar komowa ya dube ta. Shi zai shiga, matarsa fa? Tun watan Yuli na 2012, lokacin da Theresa May ke riƙe da ma'aikatar al'amuran cikin gida, aka ce ɗan ƙasa ba zai shigo da matarsa baƙuwa ba sai albashinsa ya kai fam 18,600 a shekara. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga zuwa fam 29,000. Abin da matar ke samu a ƙasarta ba a lissafa shi, ko da likita ce. In ba albashin, sai ya nuna ajiya a banki, wadda ta tashi daga fam 62,500 zuwa fam 88,500. Malamin makaranta da ya yi shekara goma yana karɓar albashin ƙasar talakawa, ina zai ga wannan? Abin da ya rage masa shi ne ya bar iyalinsa, ya komo shi kaɗai, ya nemi aiki mai albashin, ya yi wata shida a kansa, sa'an nan ya rubuta neman izini, ya biya kuɗin ofis, ya jira amsa. A 2015 ofishin mai kula da haƙƙin yara na Ingila ya ƙiyasta yaran da dokar nan ta shafa sun kai 15,000 a ƙalla, da yawansu ba su ganin uwa ko uba sai ta fuskar waya. Kotun Ƙoli na Ingila ya duba dokar a 2017, ya ce ba ta saɓa wa shari'a ba, sai dai ba ta kula da yara yadda ya kamata ba. An yi ɗan gyara, adadin kuɗin kuwa ya tsaya inda ya ke. Ma'anar dokar a fili ta ke: mai kuɗi ya auri wadda ya ga dama, talaka ya auri ta gida ko ya zauna waje.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne akwai wata ƙofa a gefe, a buɗe. Mutumin ƙasashen Kwamanwel, in ɗaya daga cikin kakanninsa a Ingila aka haife shi, yana iya samun izinin shekara biyar ya zo ya yi aiki, daga baya ya nemi zama na dindindin. Yana iya zuwa da matarsa, ba a kuwa ɗora masa adadin nan na fam 29,000, sai dai ya nuna zai iya ci da su. Ashe jikan wanda ya bar gida ya fi shi wanda ya bar gidan gata! Kowa ya san su wa aka gina wa ƙofar nan. Tushenta yana cikin dokar 1968, wadda aka yi cikin 'yan kwanaki don a tare Indiyawan Kenya masu riƙe da fasfo na Ingila, da dokar 1971 da ta bi ta. Waɗanda kakanninsu aka haifa a Ingila galibinsu Turawan Ostareliya ne da Kanada da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Jikan sojan Kano ko na Borno wanda ya yi wa Sarkin Ingila yaƙi a dajin Burma ba shi da rabo a ciki, don kakansa jini ya zubar, ba cibiya aka binne masa a can ba.

A 2018 aka ga ɗaya fuskar wannan ma'auni. Mutanen Jamaika da sauran tsibiran yankin, waɗanda suka fara zuwa cikin jirgin Empire Windrush a 1948, suka yi aikin asibiti da jirgin ƙasa, aka wayi gari ana ce musu su kawo shaidar kowace shekara da suka yi a Ingila. Katunan saukarsu kuwa ma'aikatar da kanta ta lalata su a 2010. Duk wanda ya san aikin ofis ya san takarda kan ɓace, gara kan ci, ruwa kan jiƙa, amma ba a taɓa jin akawu ya ƙone littafin haraji sa'an nan ya kama talaka don ba a ga sunansa ba. Waɗansu aka raba su da aikinsu, waɗansu aka hana su magani, waɗansu sun je jana'iza Jamaika aka hana su komowa. Gwamnati ta amsa cewa mutum 83 a ƙalla mai yiwuwa an fitar da su ba bisa ƙa'ida ba. Minista Amber Rudd ta ajiye aiki a watan Afrilu na shekarar.

Gyaran ba wani abu ne mai wuya ba. A Ingila, a lissafa abin da miji da mata za su iya samu tare, a daina auna aure da albashin mutum ɗaya. A ƙasashen biyu kuma, wanda aka kawo yana yaro ya girma a wurin, in ya yi laifi a hore shi a wurin, a sake shi a wurin. Ostareliya ma ba sai ta ƙago sabuwar doka ba. Tun 1983 majalisarta ta rubuta cewa ikon korar mazaunin ƙasa saboda ɗaurin shekara guda bai hau kan wanda ya riga ya yi shekara goma a ƙasar kafin ya yi laifin ba. Sashen nan, na 201, yana nan cikin littafin dokar, ba a shafe shi ba. Ministoci ne suka gano in sun bi ta sashe na 501 ba sai sun ratsa ta kansa ba.