A duba yaran Gwarzo da Kabo

Edita,

Duk gidan kallon ƙwallo a Gwarzo da Kabo, in aka ambaci Ahmed Musa sai musu ya ƙare. An haife shi a Jos a 1992, amma a Kano Pillars ya yi suna, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010. Daga nan sai Holan, sai CSKA Moscow, sai Leicester ta Ingila a 2016.

A gasar cin kofin duniya kuwa ya fitar da Najeriya kunya: biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. Abin da ya fi burge jama'a shi ne bai manta gida ba. Ya gina cibiyar wasanni a Kano, kuma ya dawo ya sake sa rigar Pillars a 2021.

To, a nan ma akwai yaran da ke taka leda bayan la'asar a filin firamare, ba takalmi, da duwatsu a madadin raga. Don Allah masu neman 'yan wasa na Pillars su leƙo Gwarzo da Kabo.

Wassalam,
Mai karatu daga Gwarzo