Sa'ad da Ƙofar Mota ta Ƙi Ji

Jama'a masu mota, ga shawarar wannan mako. Idan gilashi ya ƙi hawa, makulli ya ƙi kamawa, madubi kuma ya ƙi juyawa, duk a ƙofa guda, kada ku yarda a sayar muku da sabon inji tukuna. Da wuya abu uku su mutu rana ɗaya, sai fa in abin da ya haɗa su ne ya lalace.

A fara duba fiyus. In ya ƙone, a sa mai lamba irin tasa. Wanda ya cusa guntun waya a gurbinsa, lalle gobara ya gayyato. In lafiyarsa lau, a dubi robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, watau inda wayoyi ke ratsawa. Buɗewa da rufewa kan karya su, balle a ƙofar direba. A danna maɓalli ana motsa robar. In gilashi ya zabura, to, an kama ɓarawo. A cire kan batir kafin a haɗa wayar.

Amma in gilashi kaɗai ya tsaya, alhali inji na gurnani, laifin na abin da ke ɗaga shi ne, ba na wuta ba.