Ƙidayar aku a tsibiran teku ta shafi kasuwanninmu

Ɗan kasuwan da ba ya ƙirga hajarsa, uwar kuɗi yake ci bai sani ba. Wannan ƙa'ida ta kasuwa ce ta sa muke ganin aikin ƙidayar aku da ake yi a tsibiran tekun Atlantika ba wasan masu hutu ba ne, kuma ya kamata ƴan uwa ƴan kasuwar bakin iyaka su san da shi.

Bijagos tarin tsibirai ne 88 a gaɓar ƙasar Gine Bisau. A shekarar 2000 gwamnatin ƙasar ta keɓe yankin tsibiran Jawo Biyera da Poyilawo ya zama gandun da doka ke karewa. A can ake samun aku nau'in Timne, ɗan uwan aku kuturun da muka sani, sai dai ya fi shi ƙanƙanta da duhun jiki. Hukumar IBAP mai kula da gandayen ƙasar, tare da ƙungiyar World Parrot Trust, sun sa mutane suna bin kogon itatuwan da aku ke sheƙa, suna rubuta ƙwai nawa aka yi, nawa aka ƙyanƙyashe, nawa suka yi fiffike suka tashi. Daga cikin waɗanda aka ɗauka aikin har da tsofaffin masu kamun aku, don babu wanda ya fi su sanin itatuwan.

Me ya sa tsibiri? Saboda ruwa ya yi masa katanga, ana iya sanin ƙaruwa ko raguwa, abin da ke da wuyar gaske a kurmin Kamaru ko na Kwango. Tsibirin Pirinsipe na ƙasar Sawo Tome ya ba da darasi. Da can ana kwashe ɗaruruwan ƴaƴan aku daga sheƙa kowace shekara. Bayan da aka hana cinikin a 2005, ƙidayar da aka yi ta nuna tsuntsun ya farfaɗo. A Gana kuwa, binciken da aka buga a 2016 ya gano cewa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na aku kuturun ƙasar sun ɓace tun daga 1992, sanadiyyar kamu da saran itatuwa.

Dalilin a fili yake. Aku ba kaza ba ce. Sai ya yi shekaru kafin ya soma haihuwa, ƙwansa biyu zuwa huɗu ne a shekara, kuma sai a kogon babban itace yake sheƙa. Wanda ya sare itacen don ya ɗebi ƴaƴan ya kashe na bana, ya kashe na baɗi. Ga shi kuma da yawa daga waɗanda aka kama suna mutuwa a hanya cikin ƙunci da ƙishirwa.

To, ina ruwanmu? Aku kuturu ba ya rayuwa a dajin Maraɗi ko na Garwa. Daga kurmin kudu yake fitowa, amma cikin motocinmu yake bi, a kasuwanninmu yake sauka, ko da rai cikin keji, ko jan gashin wutsiyarsa a shimfiɗar masu magani. Kuma tun taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Johannesbag a 2016, an haramta cinikin aku kuturu da na Timne da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Wanda ya ɓoye keji ɗaya cikin lodin goro ko na albasa yana iya jawo duwan su tsare masa mota sukutum.

Wani zai ce in bai saya ba, wani zai saya. Haka ake faɗa kan kowace haramtacciyar haja, amma mai kamu ba ya hawa itace sai ya tabbata akwai mai jiransa da kuɗi.

Kiranmu biyu ne. Shugabannin ƴan kasuwa da na direbobi su gargaɗi mutanensu kada su karɓi saƙon aku, ko an ce na wani babba ne. Hukumomin gandun daji kuma su bayyana dokar nan da Hausa a tashoshin mota da gidajen rediyo, don kada a hukunta mutum kan abin da ba a taɓa gaya masa ba. Mutanen Bijagos suna ƙirga abin da ya rage musu. Kada mu zama ƙofar da sauran za su bi su salwanta.