Wannan "sabuwar duniya" da ake ta yayatawa

Jiya bayan la'asar gardama ta kaure a bakin shagon Baba. Wani abokina ya nuna mana hoto a waya, wai an gano sabuwar duniya, Turawa za su koma can. Wani kuma ya ce ƙarya ce tsagwaronta. Ni a ganina duk su biyun sun kauce.

Duniyar akwai ta. Sunanta Proxima b, a 2016 aka sanar da gano ta da na'urorin hangen nesa da ke ƙasar Chile. Tana kewaya Proxima Centauri, wani ɗan jan tauraro wanda ya fi kowane kusa da ranarmu, amma saboda dusashewarsa ido ba ya ganinsa. Haskensa ma sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso mana.

To amma hoton nan zane ne. Babu wanda ya taɓa ganin ta. Abin da masana suka gani shi ne tauraron yana ɗan rangaji, ya matso ya ja baya duk kwana 11, da saurin da bai wuce tafiyar mutum a ƙasa ba. Daga nan suka lissafa cewa wani abu ke fizgarsa, mai nauyi aƙalla kamar na duniyarmu ko ya ɗan ɗara. Wallahi wannan aikin ya burge ni. Sai dai ni ɗan kasuwa ne, na san auna buhu daban, kwance bakinsa daban.

Masu cewa za a zauna can, hujjarsu ita ce tazararta da tauraron ta yi daidai da inda ruwa ba zai daskare ko ya ƙafe ba. Tazarar kusan kilomita miliyan 7 ce, mu kuwa miliyan 150 ke tsakaninmu da rana. Wannan kusancin shi ne matsalar. Irin waɗannan jajayen taurari ba su da tabbas, sukan yi aman wuta ba zato, kuma Proxima ya yi wani gagarumi a 2019. Irin haka na iya kwashe iskar duniya ƙaf. Ana ma kyautata zaton gefe guda kullum rana, ɗayan kullum dare.

Batun tafiya kuwa, kumbon Voyager 1 da aka harba tun 1977, da can ya nufa, sai ya shafe fiye da shekara 70,000 a hanya. Da na faɗi haka, mai hoton ya mayar da wayarsa aljihu, ya ce dama shi bai ce bana za a tafi ba.